Mai ciwon suga da mai wankin ƙoda suma suna buƙatar mai sauraronsu, ko ta waya ne

Duk wanda ke da mara lafiya a gida irin wanda ciwonsa baya tafiya, suga ne ko hawan jini ko ƙoda ko sikila ko ƙanjamau, yasan akwai wani ciwo na biyu dake shigowa a hankali wanda ba'a rubuta masa ordonans, wato takardar magani. Mutum ya daina fira, abinci sai an matsa masa, barci ya gagara ko kuma ya wuni kwance, magani ma sai ya ga dama yake sha. Mu kuma me muke cewa? Kayi haƙuri, jarabawa ce. Gaskiya ne jarabawa ce kuma haƙuri ibada ne, amma ai suga ɗin ma jarabawa ce bamu fasa kai shi asibiti ba.

Ciwon damuwa sunansa, kuma ba na turawa bane. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 280 ke fama dashi a duniya, sannan bincike ya daɗe da nuna cewa mai ciwon suga ya ninka mai lafiya kusan sau biyu wajen haɗarin kamuwa dashi. Abin dake bani tsoro shine yadda ciwukan biyu ke ciyar da juna, damuwa ta sa mutum ya watsar da magani da kiyaye abinci, suga ya hau, ƙafa ta kumbura ido ya fara dishi-dishi, shi kuma ya ƙara cewa to meye amfanina, damuwar ta ƙaru.

Goggona a nan Garwa, arewacin Kamaru, shekarunta da yawa da suga. Mace ce mai son mutane, duk suna ko biki a unguwa da ita ake ɗora tukunya, amma bara sai ta koma ɗaki, tabarmarta ɗaya a bayan ƙofa, rediyon ma ta daina kunnawa. Nace Goggo me ke damunki, tace "ba komai ɗana, na gaji ne kawai, kullum ku ne sayen magani ku ne kuɗin moto, na zame muku kaya." Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai. Ranar randebu an auna suga an auna jini an sake ordonans, minti kaɗan aka kira na gaba, babu wanda ya tambayeta ya zuciyarki. Bana ganin laifin likitan, layin dake bakin ƙofarsa ma ya isa.

To ina zaka kaita? Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ƴan kaɗan ne kuma yawancinsu suna Yawunde da Duwala, asibitin da kowa ya sani da wannan aiki shine Jamot a Yawunde, daga Garwa sai ka hau mota zuwa Ngaundere ka kwana cikin jirgin ƙasa, da tsohuwa mai suga! Wanda ke Marwa ko Kuseri kuwa ba'a magana. Ga kuma kunya, ana ganinka a ƙofar likitan ƙwaƙwalwa gobe unguwa ta ɗauka ka haukace.

Shi yasa nake ganin maganin damuwa ta waya da intanet ya fi dacewa damu fiye da waɗanda suka ƙirƙiro shi. Kuma ba wa'azi bane ko fira kawai, tsari ne. Wanda akafi amfani dashi shine CBT, masu Faransanci suce TCC, wato magani ta hanyar gyara tunani da ɗabi'a, wani likita ɗan Amurka Aaron Beck ya assasa shi a shekarun 1960. Ana koya wa mutum ya kama tunanin dake danne shi, kamar "na zame musu kaya", ya auna shi da abinda ke zahiri, waye ya taɓa faɗa miki haka a gidan nan, da ɗanki ne ke kwance zaki kira shi kaya? Sai kuma a sa shi ya dawo da ƙananan abubuwan da ya bari tun kafin ya ji sha'awarsu, yau ki fito tsakar gida bayan la'asar, jibi ki leƙa maƙwabciya, domin mai damuwa in ya tsaya jiran ranar da zai ji daɗi kafin ya motsa to ranar bata zuwa. Duk wannan ana iya yinsa ta kira ko bidiyo, mutum yana ɗakinsa ba wanda ya ganshi, mai wankin ƙoda da yake awa huɗu a jikin na'ura ya dawo gida a galabaice ba sai an ƙara masa wata tafiyar cikin zafin Afrilu ba.

Kuma an gwada a wuraren da ba masu kuɗi bane. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani shiri Step-by-Step da aka gwada a Labanan har da ƴan gudun hijirar Siriya, darasi biyar ne a waya da labari mai hotuna, sai wani mataimaki da aka horar, ba likita ba, ya tuntuɓi mutum kamar minti 15 a sati, kuma damuwar mutane ta ragu. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya fara Friendship Bench a 2006 inda aka horar da kakanni mata suna zama da mutane a benci kusa da asibiti, sakamakon ya fito a 2016 yayi kyau sosai, daga baya suka ƙara da yi ta waya da WhatsApp. Abinda na tsinta a duka biyun, dole akwai ɗan adam a ɗaya ɓangaren. Manhaja ita kaɗai mutane buɗewa suke sau ɗaya sau biyu su manta da ita.

Anan ne tamu matsalar take. Yawancin abinda ke intanet da Turanci ko Faransanci yake kuma rubutu ne, Goggo bata karanta boko, idon ma suga ya taɓa shi, Hausa take ji da Fulatanci. Rezo yana zuwa yana ɗaukewa, wuta haka, kiredi kuɗi ne, sannan a gidaje da yawa wayar ta miji ce ko ta ɗa, ya za'ayi mace ta faɗi abinda ke ranta a wayar da wani zai buɗe da dare? Namu sai dai ya zama kira na baki ko vokal, da yaren da mutum yake kuka dashi, a lokacin da shi ya zaɓa. Gwamnati ta iya sa maganin ƙanjamau kyauta tun 2007, ta sauke kuɗin wankin ƙoda zuwa sefa 15,000 a shekara tun 2023, to horar da malaman asibiti biyu uku a kowane wurin wankin ƙoda da wurin masu suga su riƙa kiran marasa lafiyarsu sau ɗaya a sati bai fi ƙarfinta ba.

Amma dan Allah ayi hattara. Wannan ba madadin insulin ko maganin hawan jini bane, duk wanda yace ka ajiye maganinka ka biyo shi ba mai magani bane. Haka masu kiran kansu psikolog a Facebook da TikTok suna cewa turo Orange Money tukuna, ka tambayi a wane asibiti suke aiki, ka tabbatar. Ka kuma gaya wa likitan dake duba ka, domin ƙarancin jini da ciwon ƙoda da wasu magunguna suna kawo kasala mai kama da damuwa, wani kuma sai an haɗa masa da ƙwayar magani. In kuwa mara lafiya ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya ƙi magani da gangan, ko kaga yana tara ƙwayoyi, wannan ya wuce na waya, kar a barshi shi kaɗai, a kwashe magungunan daga kusa dashi a kai shi asibiti a ranar.