Abin da na koya daga yi wa sojoji kiɗa, da dalilin barina ƙungiya

Tun da aka ji na bar ƙungiya abokan sana'a ke ta kirana. Wasu sun ce a kan kuɗin liƙi muka ɓata da maigida, wasu sun ce sutudiyo zan buɗe. Ba ko ɗaya. Wasan da muka je muka yi wa sojoji a gabashin jihar Sakkwato shi ya raba mu, kuma gara in faɗa da bakina saboda yaran da za a kira irin wannan aiki gobe.

Yi wa mayaƙa kiɗa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Tun kafin fiyano, tambari ke bin sarki zuwa fagen fama, makaɗi na zuga jarumi da takensa har ya mance da tsoro. A yaƙin basasa ma, daga 1967 zuwa 1970, mawaƙan Hausa sun yi wa soja waƙoƙi ana sa su a rediyo. Saboda haka da aka ce mu zo mu ɗebe wa dakaru kewa, ban ɗauke shi kamar biki ko gangamin siyasa ba. Duk mazaunin Sakkwato ya san abin da mutanen Isa da Sabon Birni da Rabah suka gani. A watan Oktoban 2021 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe mutane da dama, kuma a shekarar ce aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23. Isa, inda Narambaɗa ya yi zamaninsa yana yi wa Sarkin Gobir waƙa, ta koma garin da makaɗi ba ya tunkara sai da rakiya.

Kafin mu sauke kaya wani samanja ya tara mu. Ya ce kada a ɗauki fuskar kowa, kada a ɗauki inda motoci suke, kada komai ya hau intanet sai ofishinsu ya duba. Maigida ya dafa ƙirji ya ce, “An gama, yallaɓai.” A gabanmu duka ya faɗa.

Manya na kan kujeru a gaba. Ƙananan sojoji na tsaye a baya, wasu da bindiga a kafaɗa don daga nan za su wuce bakin aiki, ƙura ta yi musu fari fat a gira. Maigida ya kama kirarin 'yan gaba, ya saki wannan ya kama wancan, bai ko waiwayi na baya ba. Da aka ɗan tsaya a ƙara wa janareta mai, wani kofur mutumin kudu ya matso kusa da ni, da Hausarsa ta bariki. Ya ce abokinsa ya kwanta dama a daji ba da jimawa ba, yana son kiɗa ƙwarai, ko za mu ambace shi. Ya miƙo wata tsohuwar ɗari biyar da gumi ya jiƙa, na maida masa hannunsa.

Na je na raɗa wa maigida, “Maigida, yaran baya na roƙon ko baiti ɗaya ga ɗan'uwansu da ya rasu.” Bai ko ɗago daga wayarsa ba ya ce, “Wa zai yi liƙi a kan mamaci?”

Ban tanka ba. Yana can yana shan ruwa na kalli mai kalangu, ya gane. Muka ja wani kiɗa a hankali, babu murya, ɗan amshi ɗaya ya ambaci sunan sau uku ya yi shiru. Na baya suka matso har bakin sifika, kofur ɗin na tsaye ƙyam. Shekaruna a wannan sana'a ban taɓa kaɗa abin da ya kai waɗannan 'yan mintuna ba, kuma ba a liƙa mana ko sisi ba.

Mun dawo gida ke nan sai ga bidiyo a shafin ƙungiyarmu na Facebook da TikTok. Fuskokin sojoji tar, motocinsu a jere, har dutsen da ke bayan sansanin, wanda duk ɗan yankin zai gane. A ƙasa an rubuta muna tare da jaruman sojojinmu. Wanda bai san gabas ba zai ce mene ne a ciki. Ku tambayi mutanen can yadda infoma ke aiki. Sojan da aka gane fuskarsa yana shiga kasuwa, yana da mata da 'ya'ya, yana hawa motar haya idan ya sami hutu. An sauke bidiyon daga baya, amma zakaran da ya riga ya yi cara ba ya mayar da ita.

Da aka kira maigida sai ya ce yaronsa mai fiyano ne ke kula da shafin, wato ni. Ni da ko lambar sirrin shafin ban taɓa sani ba. Ni aka kira, ni na zauna na amsa tambayoyi, wayata aka bincika, mahaifiyata ta kwana ba ta runtsa ba. Waɗanda suka tambaye ni ba su ci mutuncina ba, aikinsu suka yi, da suka ga daga inda bidiyon ya fito suka sallame ni. Na jira maigida ya ce in yi haƙuri. Abin da ya ce shi ne, “Ai kai yaro ne, kai za su fi yi wa sauƙi.” Mutumin da na ɗauki jakarsa tun ina saurayi, na kwana cikin mota gadin kayansa a garuruwan da ba zan iya ƙirgawa ba.

Sauran darussan ƙanana ne. A gama wasa da la'asar, hanyar can ba a binta da duhu. Kada a saka kaya mai kama da kakin soja don burgewa. A koyi kiɗa ɗaya ko biyu na Yarbawa da Ibo da Tibi, domin bariki Nijeriya ce gaba ɗaya. A yi maganar rabon kuɗi kafin a shiga mota. Wanda kuma ke son nuna goyon baya da gaske, ranar 15 ga Janairu ta tunawa da 'yan mazan jiya tana zuwa kowace shekara, matan da aka bari da marayu suna nan, ana iya zuwa wurinsu ba tare da kyamara ba.

Mai kalangu da ɗan amshin nan sun biyo ni. In aka sake kiranmu za mu je, wayoyinmu kuma a jaka ɗaya za mu tara mu miƙa tun daga ƙofa. Kuɗina na waccan tafiya har yau suna hannun maigida, ban kuma aika a karɓo ba.