Laraba: La'asar ɗin da aka kawo wuta

Yau kam tun safe gidan nan a hargitse yake. Kwana biyun nan ba wuta, tanki ya ƙafe, ga odar dambun nama da wata kwastoma ta dame ni lallai kafin magariba take so a kai mata Hotoro, ga Hajiya uwar mijina ta zo ganin likita za ta ɗan kwana mana biyu. Azahar dai lafiya lau na yi ta don auta yana barci. La'asar ce ta zo da rigima.

Na tada kabbara a tsakar ɗaki, na gama Fatiha na kama sura ke nan sai na ji yaran layi sun ɗauki ihu, an kawo wuta! Fanka ta fara juyawa, tibin da ba wanda ya tuna ya kashe soket ɗinta ta kunna kanta da ƙara har ƙarshe, wani mai maganin gargajiya yana ta jero cututtuka, basir, sanyi, daji, shawara. Wallahi jikina ne kawai ya yi ruku'u, zuciyar tuni ta fita tsakar gida: a kunna injin ruwa, a jona firij, a sa wayoyi a caji, yunifom ɗin yara ba guga, ga kayan miya da nake so in markaɗa a bilenda kafin su ɗauke, don mu nan unguwar ba ka taɓa sanin ko minti goma za ta yi ko awa uku.

Ƙarar ce ta tada auta. Ina sujada na ji ƙananan hannaye a wuyan hijabina, ya haye bayana ya zauna daram yana ta sukuwa har da cewa "hai hai", ga shi yanzu ya yi nauyi tubarkalla. Hajiya daga kan kujera ta daka masa tsawa, "Kai! sauka mata, ja'iri, za ka ɓata mata salla!" shi kuma tsawar ta sa ya ƙara ƙanƙame ni. Na ɗan jinkirta a sujadar, da na ga ba sauka zai yi ba sai na sa hannu ɗaya na zame shi gefe a hankali na ɗago. Ban gama da wannan ba aka hau buga get kamar za a ɓalla shi, babbar 'yata ta shigo a guje ta tsaya a gabana, "Umma, mai adaidaita ne, in ba shi kwalin? Umma? Umma in ba shi?" Na ce subhanallahi da ɗan ƙarfi, ta gane ta fita. Ina miƙewa tambayar ta zo, ta uku ce wannan ko ta huɗu? Sam na kasa tunawa. Na ɗauka ta uku ce tunda ita nake da yaƙini a kai, na ƙaro ɗaya, na yi sallama, sannan na yi ba'adi, sujada biyu, tahiya, na sake sallama.

Ko addu'a ban shafa ba Hajiya ta ce, "Ke 'yar nan, ai sake ta za ki yi. Wannan ba salla ba ce, kasuwa ce. Mu a zamaninmu ko kunama ce ta hau tabarma ba ka motsawa."

Toh kin san surukuta, ba a ce mata ba haka ba ne kai tsaye. Na ce Hajiya ku yi haƙuri, mu dai yadda aka karantar da mu a Islamiyya, wanda ya yi kokwanton raka'a sai ya yi gini a kan abin da ya tabbatar ya kawo ragowar ya yi ba'adi, ba sai ya warware duka ba. Ita kanta kunamar ma a Ahalari, littafin fiƙihun da muke karantawa a Islamiyya, cewa aka yi in ta nufo ka ka kashe ta ba komai a kanka, sai fa in abin ya yi tsawo ko ka juya wa alƙibla baya, amma wannan a ciki na bar shi ban furta ba, kar ya zama ina mata karatu. Hadisin Umama kawai na faɗa mata, jikar Manzon Allah (SAW), 'yar Nana Zainab, da yake ɗauke da ita a salla, in zai yi sujada ya ajiye ta in ya miƙe ya ɗauke ta, yana cikin Bukhari da Muslim. Da kuma ranar da ɗaya daga cikin jikokinsa, Hasan ko Husaini, ya hau bayansa yana limanci, ya tsawaita sujada har sahabbai suka zaci wani abu ne ya faru, da aka idar ya ce bai so ya gaggauta wa yaron ba ne. Hajiya ta yi shiru can ta ce, "To shi wannan da famfas a jiki fa?" Nan kam ta kama ni da magana mai ƙarfi, don malamai sun yi bayani a kan ɗaukar yaro alhali ka san da najasa a jikinsa. Na ce ban daɗe da canza masa ba kuma na duba a bushe yake. Ta ce uhm, Allah ya karɓa. Na ce amin. A haka muka rufe, sai dai na lura da magariba da ya nufo ta tana salla ba ta ture shi ba.

Ni abin da yake ba ni haushi da wannan "sake ta, sake ta" ɗin shi ne yadda yake jefa mata a waswasi. Mace mai goyo in aka ce duk sanda yaro ya taɓa ta ko aka kira sunanta sai ta sake salla, ai wuni za ta yi a kan sallaya. Na san wata a layinmu da sai ta tada kabbara ta warware ta sake tadawa har lokaci ya kusa fita, alhali littafin da muka haddace tun muna yara ya ce mai yawan waswasi ya watsar da shi kawai, kar ya kawo abin da yake kokwanto, ya yi ba'adi ya tashi.

Bayan mai adaidaita ya tafi na tura wa ƙanwata boyis ina ba ta labari, maimakon ta tausaya min sai ta kama dariya, wai kuma Yaya ai tafi ya kamata ki yi ba subhanallahi ba, hadisi ya ce tasbihi na maza ne tafi na mata. Gaskiyarta hadisin ingantacce ne. Mu kuma a Malikiyya abin da ya shahara mace ma tasbihin take yi. Na ce mata ke dai bar ni, ni da ma a Ahalarin amsa wa mai kira da subhanallahi makaruhi ne duk da sallar ta yi, to ga ki kin ƙaro min wani. Muka yi ta musu har data ta kusa ƙarewa.

Baban su ma da ya dawo daga isha'i da nasa labarin ya zo. Wai wayar wani ce ta hau ruri a sahun gaba, waƙa ce ma ta biki, mutumin ya ƙame ya ƙi sa hannu a aljihu wai kar ya yi motsi a salla, ta katse aka sake kira, masallaci gaba ɗaya ya bi kiɗa har liman ya yi ta sauri. Haba jama'a. Sa hannu ka danne maɓalli ɗan motsi ne da ba ya ɓata komai, amma ka bar sahu guda a wahala. Manzon Allah da kansa ya ce yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa sai ya ji kukan yaro ya taƙaita saboda uwar, su ake dubawa, mutanen da ke bayanka.

Tawa isha'in sai da kowa ya kwanta na yi, kuma kafin in tada na bi na kashe tibi daga soket, na kife waya a wani ɗakin don ƙarar alat kaɗai ta isa ta sa in fara lissafin wa ya turo, na ci tuwona tukuna tunda an ce in an ajiye abinci a fara da shi. Duk da haka sai da kuɗin nama da na gyaɗa suka leƙo a raka'a ta biyu. Na tuna sahabi Usman ɗan Abil As da ya kai ƙarar irin wannan wajen Manzon Allah, ya ce masa wani shaiɗani ne ana ce masa Khinzab, ya nemi tsari ya yi tofi ta hagu sau uku. Na yi, kaɗan-kaɗan ba tare da na juya jiki ba.

Na kuma zaunar da babbar na ce daga yau in kin ga ina salla, kwali yana kan firij kuɗin mota yana ƙarƙashinsa, ki miƙa kawai kar ki tsaya a gabana kina Umma Umma. Ta ce to in gobara ce fa? Na ce wannan ki yi ihu, ni ma sallamewa zan yi. Wutar dai sun ɗauke ta wajen tara da rabi, tanki ya cika amma yunifom ɗaya kawai na goge, ragowar sai da na gawayi da asuba.