Abin da 641 ta yi mini

Jiya na karɓi sakamakona, zango guda bayan 'yan ajinmu. Waɗanda suka zauna a ɗakin difens, inda ɗalibi ke kare furojet ɗinsa gaban malamai, sun san dalili, gara sauran su ji daga bakina.

Furojet ɗina a kan gano firam ne, wato lambar da ba mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Na rubuta ɗan furogiram bisa gwajin Fermat, wani masanin lissafi na da: hanya ce ta gwada ko lamba firam ce ta amfani da wata lambar da ka zaɓa, wadda ake kira tushe. Ni na tsaya a tushe 2 kaɗai. A babi na huɗu na kawo 4,294,967,297 don burgewa. Kwamfuta ta ce firam ce, ni ma na ce amin. Sau uku ina kai wa malamin da ke duba aikina, sau uku yana sa hannu da waya a kunne: "Je ka, ya yi."

Estana ɗinmu, wato malamin da aka gayyato daga waje ya jarraba mu, dattijo ne mai sanyin murya. Ya tsaya a shafin, ya miƙo mini wata tsohuwar kalkuleta da aka ɗaure da kyauro.

"Ɗana, raba mini ita da 641."

6,700,417. Ko saura babu. Gumi ya karyo mini, ga hunturu.

Bai yi faɗa ba, karatu ya ba ni a tsaye. Ashe lambar da na ɗauko 2 ce aka ninka da kanta sau 32 aka ƙara 1, 'yar gidan su 3, 5, 17, 257 da 65,537. Tun 1640 Fermat ya zaci duk zuriyar firam ne, sai a 1732 wani masanin lissafin, Euler, ya fasa wannan da 641. Kuma ba wahala: duk firam da zai raba ta dole in an cire masa 1 ya rabu da 64. Ka gwada 193, 257, 449, 577, na biyar ya kama ta. Abin takaicin, kaf lambobin gidan nan suna tsallake gwajin tushe 2, firam ne ko ba firam ba. Da na sa tushe 3, da asirinta ya tonu tun a ɗakina.

Kuskurena ne, na yarda. Abin da har yau bai wuce mini a maƙogwaro ba shi ne da malamina ya gyara zama ya ce: "Wallahi na sha gaya masa ya sake duba wurin nan." Daga Kwangila har Ƙofar Doka maganar nan nake juyawa a cikin bas, har kwandasta ya taɓa ni.

Ƙannena masu zuwa, ku canza tushe, ku ajiye kowane kwafi da aka sa wa hannu, da kwanan wata. Babin kuwa ni kaɗai na sake shi, da wani gwajin firam mafi ƙarfi, na Miller da Rabin, ba wanda ya gyara mini ko waƙafi.

Da na je sallama malamin nawa ya ce in riƙa leƙowa ana gaisawa. Na ce to, Malam.