Wa'adin da Na Yanka wa Allah

Ƙannena a cikin Almasihu, a shekarar da ɗanmu na fari ya rasu, aikin da nake riƙe iyali da shi ma ya kuɓuce mini bayan wata huɗu, na tafka kurakuran da nake so ku ji daga bakina tun ranar wahalarku ba ta zo ba.

Babban cikinsu shi ne na mai da littafin Ayuba takardar bashi. Na karanta sura ta 42 har na kusa haddace ta, inda tumakinsa 7,000 suka koma 14,000, raƙumansa 3,000 suka koma 6,000. Sai na ɗauki biro na jera abubuwan da na rasa a farin shafin da ke ƙarshen Littafi Mai Tsarki nawa, na kuma yanka wa Allah wa'adin shekara guda a zuciyata. Addu'ata ta zama bin bashi, kullum ina tunatar da shi abin da nake ganin yana riƙe mini. Da shekarar ta cika hannuna wayam, sai na daina addu'ar gaba ɗaya, ina ganin an karya mini alkawari, alhali ni kaɗai na rubuta yarjejeniyar na kuma sa mata hannu.

Sai daga baya idona ya faɗa kan abin da na daɗe ina tsallakewa. 'Ya'ya goma Ayuba ya binne, goma kuma aka sake ba shi, ba a ninka su kamar dabbobin ba. Waɗansu masu fassara suna cewa dalili shi ne goman farko ba su ɓata ba, suna wurin Allah, ni ma wannan fahimta ce ta fi kwanta mini. Duk da haka kaburburan nan goma suna nan a duk tsawon shekara 140 da Ayuba ya ƙara a duniya, kuma duk wanda ya taɓa binne ɗa ya san sabuwar haihuwa tana kawo murna ba tare da ta cike gurbin wanda ya tafi ba. Haka ma Irmiya 29:11 da muke yawan ambata, inda Allah ya ce shirinsa domin mutanensa na alheri ne, ba na masifa ba. Ku karanta ayoyin da suka zo kafinta, za ku ga shekara 70 aka yanka wa waɗanda aka kai bauta Babila, aka kuma umarce su su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure a can. Da yawa cikin waɗanda aka karanta wa wannan wasiƙa ta Irmiya ba su ga ranar komawa ba. Saboda haka ku sa zuciya ga Allah, amma kada ku tsara masa lokaci ko kamannin da amsar za ta zo da su.

Kuskure na biyu ya fi ba ni kunya. Wata rana na tarar da matata tana ninke rigunan yaron a kan gado, tana ɗaga kowace tana shinshinawa kafin ta ajiye. Maimakon in zauna kusa da ita, sai na tsaya a bakin ƙofa na karanto mata Romawa 8:28, ayar da ta ce dukan abubuwa suna aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah. Ta ɗago ta dube ni, ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da ninkinta. Ayar gaskiya ce, amma ni na yi amfani da ita ne don in tsere wa hawayenta. Abokan Ayuba ma sun fi amfani a kwana bakwai ɗin da suka zauna shiru tare da shi, sai da suka buɗe baki suka ɓata rawarsu da tsalle.

A majami'a kuwa duk wanda ya tambaye ni, amsata ɗaya ce, sai godiya, har na gaji da riyar na daina zuwa sujada. Da na san Zabura 88 tana nan, wadda ta fara da kuka ta kuma ƙare da duhu, da na kai wa Allah fushina kai tsaye. Ku kai masa naku, domin ya saba jin irinsa daga bakin bayinsa.

Wani dattijon ikkilisiya ne ya riƙa zuwa yana zama da ni ba tare da wa'azi ba. Sau ɗaya kawai ya tuna mini cewa Yesu ya tashi daga matattu da gurbin ƙusoshi a hannuwansa, har ya nuna wa almajirinsa Toma su. A daren nan na yi kuka tare da matata a karo na farko. Aiki ya samu bayan shekara uku, bai kai na dā ba, Allah kuma ya ba mu 'ya mace. Jerin nan yana nan a shafin ƙarshe ban yage ba, ranar da yarinyar ta iya karatu ta tambaye ni sunan wane ne a layin farko, ni kuwa na zaunar da ita na ba ta labarin yayanta.