Kafin Katan-katan Su Cika Maka Ɗaki: Tallar Littafin Hausa a Aikace

Duk wanda ya daɗe a harkar rubutu ya san irin ɗakin nan. Katan shida ko bakwai jingine da bango, an lulluɓe su da tsohon zani, na ƙasa ya sha danshin damina har shafukan sun manne da juna, gara kuma ta fara taɓa na kusurwa. Littafi ne mai kyau, an sha wuya a kansa, an ma ƙaddamar da shi da tafi da hotuna. Matsalar ita ce mai shi bai fara tunanin sayarwa ba sai ranar da maɗaba'a ta kira shi ya zo ya kwashi kayansa. Wanda ya fara talla a wannan rana ya makara da wata uku aƙalla.

Marubutan Kano na ƙarshen shekarun 1980 da na 1990 sun fahimci wannan tun da wuri. Su suke buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, su kai wa diloli a yankin Bata da kasuwar Sabon Gari a Kano, daga nan kaya su watsu zuwa Kaduna, Katsina, Sakkwato, har Maraɗi da Damagaram. Suna raba labari kashi biyu ko uku, su yanke na ɗaya daidai inda ran mai karatu ya tsaya, cinikin na ɗaya kuma shi ke biyan kuɗin buga na biyu. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama suna jera sunayen littattafan 'yan ƙungiya a cikin littafin kowane ɗayansu, ya zama kowane kwafi yana yi wa sauran talla. Waya ta karɓe yawancin wannan kasuwa a yau, amma dabarun suna nan da ransu, wurin yin su ne ya sauya.

Tambayar farko ita ce wa zai fitar da kuɗi ya saya, kuma a ina yake. Amsar "kowa da kowa" ba ta sayar da kwafi ko ɗaya. Ƙagaggen labari na soyayya ko zamantakewar aure, masu karanta shi galibi mata ne, kuma yawancinsu a waya suke. Littafin nahawu, adabi ko tarihi, kasuwarsa tana makarantu da sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi. Littafin addini yana tafiya ne ta bakin malamai, da Islamiyyu, da masu shimfiɗa a ƙofar masallacin Juma'a. Hanya uku ke nan daban-daban, kuma kuɗin da aka kashe a hanyar da ba ta dace ba asara ce tsagwaronta.

Sai lissafi, wanda shi ne yawancin marubuta ke gudu. Ga misali kawai, kai ka sa naka alƙaluman. A ce gyaran rubutu, tsara shafuka, zanen bango, bugu da kuɗin mota sun ci naira 800,000 a kwafi 1,000. Cire kwafi 60 da za su tafi kyauta, na gidajen rediyo, masu sharhi, ɗakin karatu da waɗanda suka fito da aibu. Saura 940. In ka sa farashi naira 2,000, dila ya ɗauki kashi 35 cikin 100, kai 1,300 ke shigowa hannunka, sai ka sayar da kwafi 616 kafin uwar kuɗinka ta dawo. In tausayi ya sa ka rage zuwa 1,500, abin da ke zuwa maka 975 ne, kana buƙatar kwafi 821, ribarka duka ta rataya a kan kwafi 119 na ƙarshe, waɗanda su ne suka fi wuyar fita. In kuwa hannu da hannu ka sayar a 2,000, kwafi 400 sun isa. Wannan lissafin shi zai nuna maka nawa za ka ba diloli, nawa za ka riƙe ka sayar da kanka, har ma ko ya kamata ka buga 1,000 ɗin tun farko. A ganina sabon marubuci ya fara da 300 ko 500 ya fi masa, ko da kuɗin kowane kwafi zai ɗan hau. Ƙarancin kaya ana gyara shi cikin mako biyu, amma kwantai yana iya shekara biyar a ɗaki.

A maɗaba'a ka tuna cewa ana buga littafi ne a manyan takardu da ake ninkewa, kowace ta ba da shafi 16 ko 32. Littafi mai shafi 130 zai ci kuɗin mai 144, don haka ko ka matse shi ya koma 128, ko ka cika ragowar da abin amfani: babin farko na littafinka mai zuwa, jerin waɗanda ka riga ka fitar, da lambar da za a neme ka. Bango kuwa a gwada shi a waya kafin a buga. Ka rage hoton ya koma kamar girman babban yatsa, in sunan littafin bai karantu ba a sake shi, domin a wannan girman yawancin mutane za su fara ganinsa. Ka duba ƙugiyoyi da idonka a samfurin ƙarshe. Salon rubutu da yawa na kwamfuta ba su da ɗ, ƙ da ɓ, sai su fito da ɗan akwati ko harafin da ya sha bamban da 'yan'uwansa, kuma malamin Hausa da ya ga haka a bango ba zai sa ɗalibansa su saya ba. Lambar ISBN, wato lambar shaida da ke bambanta kowane littafi da sauran, ana samunta a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, doka kuma ta ce a kai musu kwafi uku bayan bugu. Manyan shagunan littattafai da ɗakunan karatu suna neman wannan lamba, kada a tsallake ta.

Yanzu ga inda aikin yake, wato wata ukun da ke kafin fitowar littafi. Abin da kake tarawa a wannan lokaci lambobin waya ne na mutanen da suka nuna sha'awa da kansu. Mabiya dubu goma a Facebook ba su kai lambobi ɗari uku irin waɗannan daraja ba, domin Facebook kaɗan daga mabiyanka yake nuna wa abin da ka wallafa. Ka sani cewa saƙon bai-ɗaya na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka a kowane jeri, kuma ba ya isa ga wanda bai adana lambarka ba. Saboda haka duk wanda ya yi maka magana, roƙe shi ya adana ta. Wata na farko ka riƙa sakin gajerun yankuna na littafin, sau biyu a mako, a rana da lokaci sananne. Wata na biyu ka bayyana bango da ranar fitowa. Wata na uku ka buɗe biyan kuɗi tun kafin fitowa, da ɗan rangwame, ka rubuta sunan kowa da garinsu. Adadin waɗanda suka biya shi ne ma'aunin gaskiya na yawan da za ka buga. Masu cewa "Allah ya sa albarka, muna jira" suna da yawa, addu'arsu abin so ce, amma ba a kai ta maɗaba'a a matsayin adadi. Sharaɗi ɗaya: kada ka karɓi kuɗin mutane sai rubutu ya kammala kuma ka yi magana da mai bugu, domin saɓa rana sau ɗaya yana zubar da amanar da aka yi shekaru ana ginawa.

Ga marubuciyar da ke sayarwa a waya, tsarin shafukan kyauta da zauren kuɗi, wato a saki farkon labari kyauta, sauran kuma sai wanda ya biya ake sa shi a rukunin da ake tura shi, ya riga ya zama ruwan dare, sai dai ana yawan yin kuskure a wurin yanka. In shafukan kyauta suka yi kaɗan, mai karatu ba ta shaƙu da kowa a labarin ba, ba abin da zai sa ta biya. In suka yi yawa har babban sirrin ya fito, ta ƙoshi. Wurin yanka shi ne inda tauraruwar labari ta ɗauki matakin da ba ta iya janyewa, mai karatu kuma ba ta san abin da zai biyo baya ba, galibi wajen kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na labarin. A ƙarshen kowane shafin kyauta ki sa farashi, lambar asusu da lambar da za a tura shaidar biya, domin shafin zai yi yawo zaure-zaure ba tare da ke ba. Kada ki yarda da hoton shaidar biya kawai, ana ƙirƙirar na bogi, sai kin ga kuɗin a asusunki. Masu karatu na Nijar suna da yawa kuma suna biya, amma sefa ce a hannunsu, don haka ki nemi amintaccen wakili a can da zai karɓa ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana, ki rubuta farashinsu daban.

Fitar da littafin kuɗi waje, wato wanda ya saya ya tura wa waɗanda ba su biya ba, ita ce babbar cutar wannan kasuwa, tana kuma ƙona rai, domin mutum ɗaya ya biya sai dubu su karanta. Ba a kashe ta gaba ɗaya, ana dai rage ta. Kada ki tura littafi dunƙule a fayil ɗaya tun ranar farko, ki riƙa saki kashi-kashi. Telegram yana da wurin da ake hana kwafa da turawa daga zaure, wanda ya fi barin rubutu sake a WhatsApp. In PDF za ki bayar, ki sa suna da lambar mai saye a ƙasan shafuka, mutane suna jin nauyin yaɗa abin da sunansu ke jiki. Masu karanta littattafai a YouTube kuma a yi yarjejeniya da su a rubuce, a faɗi kuɗi da tsawon lokaci, kuma kada a ba su sai cinikin farko ya lafa. Manhajojin sayar da littafi suna taimakawa, amma kada a jingina da guda ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, OkadaBooks, ta rufe a ƙarshen 2023, wanda duk masu karatunsa suke can kaɗai sai da ya koma tara su daga farko.

Dila abokin tafiya ne, ba abokin gaba ba, sai dai a yi hulɗa da shi da biro da takarda. Yawanci sai an sayar ake biya, don haka kada ka zube masa kwafi 200 don ya yi maka fara'a. Ba shi 20 ko 30, ku rubuta adadi, farashi, kasonsa, ranar da za ka dawo, da wanda zai ɗauki asarar kwafin da ya yage ko ya dafe a shago. Ka koma bayan mako huɗu da ƙafarka, ka ƙirga abin da ya rage, ka karɓi kuɗin waɗanda suka fita kafin ka ƙara wasu. Ka duba ma inda aka ajiye shi, littafin da ke cikin katan a bayan kanta daidai yake da wanda ke ɗakinka. Na garuruwa masu nisa ana ba direba a tasha, a naɗe katan da leda saboda ruwa, a rubuta lambar mai karɓa a jiki, a ɗauki lambar direba da ta mota.

Taron ƙaddamarwa yana buƙatar a faɗi gaskiya a kansa. Hanyar tara gudunmawa ce, ba kasuwa ba. Babban mai ƙaddamarwa zai tashi ya ce ya sayi kwafi goma a kan kuɗi mai tsoka, a yi tafi, daga nan marubuci ya shiga sintiri ofis-ofis wata da watanni, wani alƙawarin ma ba ya cika har abada. In za ka yi taron, kada kuɗin ɗakin taro da abinci da katin gayyata su wuce abin da za ka iya rasawa ba tare da ka shiga bashi ba. Ka je wurin manyan baƙi tun kafin ranar, ka san abin da kowa zai bayar. A bakin ƙofa a kafa tebur da mutum biyu, na'urar POS, lambar asusu a rubuce da manyan baƙaƙe, da canji, domin masu sayen kwafi ɗaiɗai a farashinsa na gaskiya su ne za su karanta su kuma gaya wa wasu. Mai sharhi a ba shi littafin mako uku kafin taro, kuma a karɓi sharhin a rubuce, zai yi amfani a jarida da bayan bangon bugu na biyu.

Rediyo har yanzu yana da ƙarfi a Arewa fiye da yadda 'yan intanet ke zato, musamman wajen matan da ke gida. Hira ta minti ashirin a filin adabi, ko a karanta wani yanki a iska, ta fi sanarwar daƙiƙa talatin tasiri, da sharaɗin a faɗi inda ake samun littafin sau biyu kuma kaya sun riga sun isa wurin. Zaman karatu na rassan Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya (ANA), bikin littattafai da fasahohin Hausa na HIBAF da aka fara a Kaduna a 2021, da Ranar Hausa ta Duniya a 26 ga Agusta, duk wurare ne da za ka je da jaka cike. Gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi wa mata tun 2016, tana fitar da suna, wadda ta yi fice a ciki ta rubuta haka a bangon littafinta.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Labarin soyayya ba a fitar da shi a azumi, hankalin mutane yana wani wuri, kuɗinsu kuma na kayan sallah ne. Littafin addini sai ya kasance a kasuwa tun watan Sha'aban. Na makaranta a kai wa shugabanni da malamai samfuri tun zangon ƙarshe, wajen Mayu zuwa Yuni, domin kafin a dawo a Satumba an riga an fitar da jerin littattafan shekara.

Ka ware littafin ajiya guda, ko shafi a waya, ka riƙa rubuta kowane kwafi da ya fita: rana, gari, hanya, da amsar tambaya ɗaya da za ka yi wa kowane mai saye, "A ina ka ji labarinsa?" Bayan wata uku ka zauna ka duba. In rabin masu saye daga hira ɗaya ta rediyo suka zo, can za ka mayar da kuɗin tallar gaba. In dilan Zariya ya ƙarar da nasa sau biyu, na Gusau kuwa bai sayar da biyar ba, kwaso na Gusau ka kai Zariya. Bugu na biyu kuma a fara maganarsa da maɗaba'a idan saura kashi ɗaya cikin biyar na kaya, da kuɗin da aka riga aka karɓa a hannu, ba da wanda ke wurin diloli ba.