Yadda na fara haɗa riɗin da ake kaiwa Japan

Na shafe shekaru ina sayen riɗi a ƙauyukan Maigatari da Gumel a jihar Jigawa, ina kawowa kasuwar Dawanau in sayar wa duk wanda ya taya da daraja, kuma ban taɓa tambayar inda kayan suke ƙarewa ba. Sai da wani kamfani mai kai riɗi Japan ya nemi in haɗa masa kwantena guda, kimanin tan 19, bisa sharaɗin za a gwada samfurin kayan kafin a biya ni cikon kuɗina, sannan na gane cewa sana'ar da nake taƙama da ita rabinta kawai na sani.

Sakamakon gwajin bai yi mini daɗi ba. An sami yashi da tsakuwa fiye da kima, akwai sauran danshi, sannan ga ɓurɓushin maganin ƙwari. Wannan na ƙarshen laifina ne, domin ni na sa aka fesa fiya-fiya a sito saboda tsoron ƙwari. Wakilin kamfanin ya ce mini, "Alhaji, irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015." Na karyar da kayan a Dawanau, na ɗauki asara.

Da kaka ta zagayo, sai na bar zaman sito na koma gona, kuma a can na ga tushen matsalar da idona. Manomi yakan yanke riɗi ya ɗaure dami-dami, ya jingine su a tsaye har kwanson ya bushe ya buɗe baki, sannan ya kifa damin ya kakkaɓe a kan ƙasa, ya share ya zuba a tsohon buhun taki. Wani dattijo da na yi wa ƙorafin yashi ya dube ni ya ce, "Ɗana, mai tsabta da mai datti kuɗi ɗaya kuke ba mu, don me zan wahala?" Gaskiya ya faɗa, kuma maganarsa na kai wa kamfanin yadda take.

Muka yi yarjejeniya cewa kamfanin zai sayi tamfol da sababbin buhuna, ni kuma in raba wa manoman da muka rubuta sunayensu, tare da ƙarin kuɗi a kan kowane buhun da aka kakkaɓe a tamfol. Haka kuma ya amince ya ba da wani kaso tun farko, domin manomi kuɗi hannu yake so, ba zai jira mota ta isa tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas ba, balle jirgin ruwa ya shafe makonni a teku. Rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya zuwa ƙasashen waje, da takardar lafiyar tsirrai ta NAQS, hukumar da ke duba lafiyar kayan gona masu shiga da fita ƙasa, sun ci lokaci, amma ba su kai gyaran masussuka wuya ba. Kaya na biyu ya tsallake gwaji.

Abin da har yanzu yake damuna shi ne ɗanyen riɗi muke turawa, a can ake matse mai, a can kuma riba mai tsoka take tsayawa. Na sha tayar wa mutanen kamfanin da maganar kafa injin ɓarar riɗi a Kano, su kuma kullum tambayarsu ta farko a kan wutar lantarki ce. A kakar bana mun tsayar cewa za mu fara da ƙaramin injin tacewa kusa da Maigatari, domin a cire dattin tun kafin a biya masa kuɗin mota.