Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ni da Tsofaffin Jaridu

A makon jiya na tsaya inda na gama digiri na biyu, aka ɗauke ni koyarwa a sashen tarihi. Da maganar digirin digirgir ta taso, abokaina duk suka nufi Daular Usmaniyya ta Sakkwato da tarihin masarautu, don a lokacin can ake ganin ilimi yake. Ni kuwa na ce farfagandar Turawan mulkin mallaka a Yaƙin Duniya na Biyu zan bi. Malamin da ke duba aikina ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam, ƙaryar Bature za ka zauna kana karantawa shekara da shekaru?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ita ma ƙaryar akwai wanda ya biya kuɗinta, akwai wanda ya rubuta ta, akwai kuma wanda aka karanta wa a zaure. Su nake nema."

Ya sa hannu, amma ba da son ransa ba.

Daga nan Kaduna ta zama gidana na biyu, ina kai da kawowa tsakanin gidan adana takardun tarihi na ƙasa da Arewa House. Gaskiya Ta Fi Kwabo ce ta fi cin lokacina. A Janairun 1939 ta fara fitowa a Zariya, Dokta Rupert East na kula da ita, Malam Abubakar Imam na edita. Cikin dalilan kafa ta har da kashe jita-jitar da ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Hitila. Da yaƙi ya ɓarke, sai labarin fagen fama da kiran shiga soja suka cika shafukanta. Inda jarida ba ta kai ba kuwa, majigi ya kai, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan isha.

Tafiyar 1943 ce ta sauya mini alƙibla. A shekarar aka gayyaci editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila, ciki har da Imam da Nnamdi Azikiwe, don su ga ƙarfin Birtaniya da idonsu, su dawo su ba da labari. To, ba a nan gizo ya yi saƙa ba. Azikiwe ya kai wa Turawan takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa mata hannu, amma ya zauna da tsohon Gwamna Lugga ya zayyana masa koken Arewa, har ya ci gaba da rubuta masa wasiƙu. An kai mutum don a burge shi, shi kuma ya tafi da nasa saƙon a aljihu. Har yau ina faɗa wa ɗalibaina cewa fayil ɗin jami'in yaɗa labarai burinsa kawai yake nuna maka. Wasiƙun masu karatu da ake bugawa a jaridar sun fi kusa da abin da ke zukatan mutane, ko da yake su ma sai edita ya tace.

Babi uku na rubuta kan wannan, malamina ya mayar da su biyu. Ya ce sauran amsar tana Landan, a takardun Ofishin Mulkin Mallaka da ke Kew, kuma in ƙara da dalilin da ya sa BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. Yadda na samo kuɗin jirgi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.